Maganin Ƙwari Yana Zube a Gindin Darbejiya



An ba mu mintuna kaɗan mu yi magana a kan lambunan makarantu da na gidajenmu. Za mu fara da abin da ya tayar mana da hankali a makarantarmu bara. Wata safiya muka ga yarinya 'yar aji biyu tana shan ruwa daga wata 'yar kwalba, da muka karɓa muka duba sai ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jikinta. Kwalbar maganin feshi ce, an ɗauraye ta a gida aka zuba wa yarinyar ruwa. Allah Ya kiyaye, ba abin da ya same ta. Amma mu ma a lokacin muna da irin wannan kwalba a cikin kabad ɗin ofis, wadda muke fesa wa tumatirin lambun makaranta, lambun da yara ke shiga da ƙafa ba takalmi. Tun ranar muka fara neman wata hanya.

Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos da aka samu a jikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari a kasuwanni. Su kuwa ƙwarin ba su saurara ba. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, a wannan shekarar dai aka fara ganin sabuwar tsutsar masara da ta ƙetaro daga nahiyar Amurka. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya shuka 'yan kunyoyi a bayan gida don rage cefane, ba zai iya naɗe hannu ya zuba wa tsutsa ido ba.

Abin da muka koma gare shi yana nan a farfajiyar kusan kowace makaranta: darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, wasu bedi, wasu maina. Asalinta daga ƙasar Indiya ne. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan sai fara ta sauka ta cinye duk wani kore, ya lura darbejiya kaɗai ta bari da ganyenta. Binciken da ya biyo baya ya gano sinadarin da ake kira azadiraktin, wanda ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan. Aikinsa ya bambanta da na maganin kanti. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi cin ganyen, yana kuma hana tsutsa saɓa fatarta, in ba ta saɓa ba kuwa ba za ta girma ta hayayyafa ba. A nan da yawa daga cikinmu suke karaya: mutum ya yi feshi da yamma, ya dawo da safe ya tarar da tsutsa tana motsi, sai ya ce aikin banza ne. A ba shi kwana uku zuwa biyar, a kuma dubi sabon tohon, a ga ko ana ci gaba da huda shi.

Ga yadda muke haɗawa. Idan 'ya'yan sun nuna sun yi ɗorawa suna zuba, sai a tsince su, a murje naman, a wanke ƙwallon, a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Wanda ya yi fumfuna a zubar da shi. A ajiye a buhun da iska ke ratsawa, ba leda ba. Ranar da ake bukata a fasa, a sheƙe ɓawon, a daka rabin kilo na ƙwayar a turmin da ba na abinci ba, domin ɗacin ba ya fita, kuma uwargida ba za ta yafe ba. A jiƙa garin a lita goma ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe famfon feshi, a narka ɗan sabulun wanki a zuba domin ruwan ya kama ganye. Wanda ba shi da famfo ya yayyafa da tsintsiya. Da yamma ake fesawa, saboda hasken rana yana lalata sinadarin, kuma a lokacin zuma ta koma amya. A jiƙa ƙarƙashin ganye sosai, can ne darɓa da ƙwayayen ƙwari suke maƙalewa. A maimaita bayan mako guda, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Abin da ya rage a bokiti kada a ajiye shi na kwanaki, ƙarfinsa yana gushewa. Tukar da ta saura a ƙyallen a zuba ta a gindin shuka, taki ce. Ganye ma ana jiƙawa idan babu ƙwallo, sai dai bai kai shi ƙarfi ba.

Ga darɓa a jikin wake, kuɓewa ko tohon lemo, ruwan sabulu kaɗai yakan wadatar, muddin ya taɓa jikinta. A gwada a kan 'yan ganye tukuna, don sabulu mai yawa yana ƙona shuka. Barkono da tafarnuwa da aka daka aka jiƙa suna korar wasu ƙwari, amma mai fesawa ya juya wa iska baya, in ba haka ba idonsa zai ba da labari. Masara kuwa, ɗan toka da yashi a cikin mazubin ganyenta yana rage tsutsa idan an yi da wuri.

Akwai inda waɗannan magunguna ba sa kaiwa. Tsutsar da ta riga ta shige cikin mangwaro ko gwaiba, feshi ba ya iske ta. Maganin ƙudan da ke haifar ta shi ne a riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗo, a binne su a rami mai zurfi, ko a ɗaure su a baƙar leda a bar su a rana. Haka tsutsar tumatir, idan ta yi rami a cikin ganye sai an cire ganyen an ƙone. Idan ɓarnar ta fi ƙarfinmu, mu nemi malamin gona, kada mu tsaya jayayya da ido.

Kada kuma sunan "na gargajiya" ya ruɗe mu. Ruwan taba, wanda wasu ke jiƙawa su fesa, guba ne mai ratsa fata, ba ma yarda a kawo shi harabar makaranta. Man darbejiya yana da haɗari ga ƙaramin yaro idan ya sha. Saboda haka a wurinmu yara 'yan aji biyar da shida suna tsintar ƙwallo, suna duba ganye kowace Litinin, suna rubuta ƙwarin da suka gani a littafi, amma haɗawa da fesawa aikin malami ne. Cikin wannan dubawa suka gane ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigo baƙi yana cin darɓa, yanzu ba mai kashe shi. Darasin kimiyya da aikin gona da muke ta zanawa a allo, sun fi riƙe shi a gindin kuɓewa.

Roƙonmu ga shugabannin reshe guda ɗaya ne. A zangon karatu mai zuwa a ware mana rana, kowace makaranta ta turo malami ɗaya, mu haɗa maganin tare a gani da ido. Turmi da famfon feshi muna da su, kuma mun tara buhu biyu na busasshen ƙwallo. Kowa ya zo da bokitinsa da ƙyallen tata.