Man Shanu da Kitse a Tukunyarmu: Magani Ne ko Cuta?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a garin Dukku



An nemi in yi magana a kan abincinmu na gargajiya, musamman man shanu da kitse da kakide. Dalili kuwa shi ne maganganu biyu da ke yawo a gari. Wani zai dawo daga asibiti ya ce likita ya hana shi maiƙo, sai gidan duka a daina sa mai a tuwo, har da na yara. Wani kuma zai ji a waya an ce man shanu maganin kowace cuta ne, sai ya kama sha da cokali safe da yamma. A tsakanin waɗannan biyu uwargida ta rasa na kamawa. To, abin da nake so mu tashi da shi a yau shi ne: man da iyayenmu suka ci yana da amfani, amma sun ci shi ne da awo, a kan aikin ƙarfi. Mu kuwa muna neman mu ci shi ba awo, a zaune.

Bari mu fara da yadda ake yin sa, domin da yawa daga cikin yaranmu a kwalba kawai suka san shi. Bafulatana takan tatsi madara ta zuba a ƙwarya, ta sa ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ya kwana. Da safe ya zama kindirmo. Sai ta juye a gora ta yi ta kaɗawa har man ya taru ya rabu da tsala. Ta kwashe, ta wanke da ruwan sanyi, ta cura, ta jefa a cikin ƙwaryar nono ta kawo mana gari. Wannan shi ne ɗanyen man shanu, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasa mai ne, saura ruwa ne da ɗan guntun nono. Wannan ruwan shi ke sa ya yi saurin lalacewa.

Shi ya sa iyayenmu mata suke soya shi. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, a yanka albasa a zuba, ya yi ta kumfa har kumfar ta kwanta, ƙamshi ya tashi, gasarar nonon ta yi ja a gindin tukunya. Sannan a tace a zuba a busasshiyar kwalba. Hikima biyu ce a nan. Ta farko, ruwan ya ƙone, saboda haka man zai yi watanni bai ɓaci ba, muddin ba a tsoma masa jiƙaƙƙen cokali ba. Ta biyu, wuta tana kashe ƙwayoyin cutar da kan biyo ɗanyen nono, irin su tarin fuka na shanu da bakkale. Don haka, iyaye mata, in kun sayi curi a kasuwa ku soya shi kafin ya shiga bakin yaro.

Haka kakide. Mahauci ya ware kitse, a yayyanka, a narka a wuta mai laushi, a tace, ya daskare. Da shi ake shafa tanda, da shi ake ɗan ɗaga miya ranar da babu nama. Haka naman layya: a soya shi da kitsensa har ya bushe, a adana, a riƙa ɗiban tsoka ɗaya ko biyu ana jefawa a miya har watanni. Ku lura da wannan. Rago guda ne ke ratsa gida wata da watanni. Kitse a wancan lokaci abin marmari ne, shi ya sa har karin magana ya samu, ake cewa ana yi wa rogo kallon kitse.

Yanzu me mai yake yi a jiki? Na farko, ƙarfi. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na tuwo ko tsokar nama, wato sitaci ko furotin, 4 yake bayarwa. Ya ninka ke nan har da ɗoriya. Manomin da zai wuni yana huɗa a gonar dawa, ko matar da za ta yi surfe da daka da ɗiban ruwa, cokali ɗaya na man shanu a kan tuwo yana riƙe su. Na biyu, akwai sinadaran bitamin guda huɗu, A da D da E da K, waɗanda hanji ba ya iya tsotse su sosai sai da maiƙo. Zogale da rama da alayyafo da kabewa suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma in an ci su gaya ba mai, da yawansa wucewa zai yi. Kun ga ashe kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ba don daɗi kaɗai aka yi shi ba. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da almuru, kuma ya rage masa ƙarfin yaƙi da ƙyanda da gudawa. Saboda muhimmancinsa ne gwamnatin Nijeriya ta wajabta tun 2002 a riƙa ƙara shi a man girki da sukari da fulawa na kamfani.

A nan nake roƙon iyaye mata ku buɗe kunne. Nonon uwa kansa, kusan rabin ƙarfin da ke cikinsa daga maiƙo yake. In aka yaye yaro aka bar shi da tsurar koko, cikinsa zai cika amma jikinsa bai samu abin da yake bukata ba, daga nan tamowa ke samun ƙofa. Ƙaramin cokali na soyayyen man shanu ko man gyaɗa a cikin kunun yaro, ko a dama masa kunun gyaɗa, ba ƙaramin taimako ba ne. Dokar da likita ya kafa wa maigida mai shekara 55 ba ta hau kan ɗan shekara biyu ba. Kada a haɗa su a kwano ɗaya.

To, ina cutar take? Mai iri biyu ne. Akwai mai daskarewa, wanda in ya huce yake yin tauri, kamar man shanu da kakide da kitsen tozo. Akwai mai ruwa-ruwa, kamar man gyaɗa da man riɗi da man waken suya. Masana sun tabbatar cewa yawan cin mai daskarewa yana ƙara wani nau'in kitse a cikin jini da ake kira kolestarol, wanda sannu a hankali yake liƙewa a jikin jijiyoyi kamar yadda laka ke toshe kwata. In hanyar ta toshe a zuciya, sai bugun zuciya. In ta toshe a ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutane kimanin miliyan 17.9. Mu ma nan ba baƙin abin ba ne, kowa ya san gidan da ake jinyar wanda ya faɗi a banɗaki ko a shago bai sake tashi daidai ba.

Nasan wani zai ce, to Fulani fa? Ga su nan kewaye da mu, nono da mai ne abincinsu, amma ba ka ganin tumbi a ruga. Tambaya ce mai kyau, kuma an bincika. A 2001 wani masani mai suna Robert Glew da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan Fulani makiyaya 121 a tsaunukan Jos. Sun tarar kusan rabin ƙarfin da suke samu daga abinci daga maiƙo yake, amma kitsen jininsu lafiya lau. Dalilin da masu binciken suka kawo shi ne, mutanen nan suna yawan tafiya da aiki, kuma gaba ɗaya abincin da suke ci ba shi da yawa. Wato makiyayi yana ƙone man da ya ci a bayan shanu. Kai kuma Alhaji, da za ka hau babur daga gida zuwa shago, ka zauna daga hantsi har magariba, ka ci balangu da lemon kwalba ka kwanta, a ina za ka ƙone naka? Kakanninmu da suka zo wannan ƙasa ta Kontagora daga Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kano, suka zauna tare da Dukawa da Kambari, da ƙafa da jaki suka yi fatauci. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ga awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga babban mutum, ta kuma sake jaddada shi a 2023: mai gaba ɗaya kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, mai daskarewa kuma kada ya wuce kashi 10. Bari in sauko da shi cikin cokali. Ga mai cin kalori 2,000 a yini, kashi 10 ya kama kamar giram 22. Babban cokali ɗaya na man shanu yana ɗauke da giram 7 zuwa 9 na irin wannan mai. Ashe cokali uku sun cinye rabon yini ɗungurungum, ba a lissafa nama da nono da manja ba. Na ambaci manja da gangan, domin ko da yake daga itace yake, kusan rabinsa mai daskarewa ne. Haka man kaɗe da Allah ya hore wa jiharmu ta Neja, shi ma yana daskarewa. Kasancewar mai daga tsiro bai sa a kwarara shi ba.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan duka haɗari. A 1869 wani Bafaranshe ya ƙirƙiro majarin domin ya maye gurbin man shanu. Daga baya masana'antu suka gano hanyar daskarar da man tsiro da iskar haidirojin, ya yi kama da man shanu, ya daɗe bai lalace ba, ga araha. An shekara da shekaru ana tallarsa a matsayin wanda ya fi lafiya, sai bincike ya nuna wannan hanyar tana haifar da wani kitse da ake kira tirans, wanda ya fi kitsen dabba illa ga zuciya. Nan fa aka yi wa rogo kallon kitse na gaske. Ƙasar Denmak ce ta fara taƙaita shi a 2003. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana jawo mutuwar sama da mutum 500,000 a shekara, ta yi kira a kawar da shi. A nan gida, hukumar NAFDAC ta fito da dokar mai ta 2022, wadda ta ce kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Amma doka a Abuja take, kasuwa kuma a nan take. Man da aka juye a jarka ba suna ba lamba, ba wanda zai ba ku tabbacin abin da ke ciki. Haka man suyar da aka yi ta maimaitawa, yau ƙosai, gobe awara, jibi kifi, har ya yi baƙi yana hayaƙi. Masu sana'ar suya, na san mai ya yi tsada, amma baƙin mai guba ne a hankali, kuma 'ya'yanku ma suna ci.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. Man shanu ya zauna a matsayinsa na da, wato ɗan cokali a kan tuwo don ƙamshi, ba a mayar da shi man girki ba. Miya a yi ta da man gyaɗa na gida, wanda kuka san hannun da ya matsa, kuma a rage hannu. In an dafa kai da ƙafa ko langaɓu, a bar romon ya huce a kwashe kitsen da ya taso. A yawaita wake da ganye, da kifi, tunda Yawuri ba ta da nisa da mu, kuma man kifi na taimakon zuciya ne. Tuwon dawa da na gero da furar gero su ci gaba da zama ginshiƙi. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin awon gishiri na yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma daddawa tana nan ba ta ƙare ba. Wanda aka tabbatar yana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, shi maganar likitansa zai bi, ba tawa ba. Duk wanda ya haura shekara 40 ya je a auna jininsa ko da yana jin garau, domin hawan jini ba ya sallama. Sannan a taka ƙafa. Daga gida zuwa masallaci ko kasuwa ba sai da babur ba.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye mata ku koya wa 'yan mata suyar man shanu da narka kakide da matsar gyaɗa, da kuma awon da kuke yi da ido. Rashin tsaro da satar shanu na shekarun nan sun tarwatsa rugage da dama, nono ya yi wuya, ha'inci ya yi yawa, sai wadda ta san ƙamshi da launin na gaske ce za ta iya bambancewa. Ƙungiya kuma ina ba ta shawara ta sayi na'urar awon jini ko da guda ɗaya, a riƙa auna mutane a ranar taro.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa albarka a abin da muke ci.