Numfashi Mai Ba da Labarin Hanta: Darasi Daga Duza



Za mu fara wannan jawabi ne daga ƙauyen Duza a yammacin Jihar Zamfara. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka bincika sai aka tarar gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Duza na cikin ƙauyukan da aka kankare gurɓatacciyar ƙasarsu, tare da Dareta da Abare da Yargalma da Sunke, Bagega kuwa sai a 2013 aka kai gare ta.

Yaran da suka tsira an ba su wani magani, DMSA, mai kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Amma shi wannan magani yana iya taɓa hanta, saboda haka aka yi ta ɗibar jininsu a kai a kai, don a auna yawan dalmar, a kuma duba lafiyar hantar. Duk uwar da ta taɓa riƙe yaro ana neman jijiya a hannunsa ta san abin da muke nufi. Daga nan tambayarmu ta taso: shin babu hanyar jin labarin hanta ba tare da allura ba?

Ita hanta, jama'a, nauyinta a jikin babban mutum ya kai kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace abin da hanji ya tsotso, ta narkar da magunguna da guba, ta ajiye sukari, ta yi ruwan matsarmama. Aibinta shi ne haƙuri, domin takan daɗe tana lalacewa mai ita bai sani ba, sai ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Gwajin jini da aka saba yakan nuna cewa hanta ta ji rauni, amma ba ya faɗin sauran ƙarfin da ya rage mata. In ana son tabbaci, wani lokaci sai an soka doguwar allura an ɗebo ɗan tsokarta.

Likitocin da can sun san cewa numfashin mai tsananin ciwon hanta yana da wani wari na daban. Masana na zamani sai suka mai da wannan lura ta zama awo. A 1974 wasu likitoci biyu a Amurka, Hepner da Vesell, suka nuna cewa in aka ba mutum magani mai alama, ana iya gane aikin hantarsa daga numfashinsa. A yau sinadarin da aka fi amfani da shi ana ce masa metasetin, an sa masa alamar kabon mai lamba 13, wanda ba ya fitar da tururin nukiliya. Mutum zai kwana da azumi, a ba shi ɗan kaɗan. Hanta mai lafiya sai ta farfasa shi nan da nan, ta mai da shi farasitamol da iskar kabon, huhu ya fitar da iskar. Sai mutum ya hura cikin jaka ko na'ura, a auna. In alamar ta fito da yawa da wuri, hanta na da ƙarfi. In ta yi jinkiri, hanta ta gaza. A asibitin Charité na Balin, a ƙasar Jamus, an ƙera irin wannan gwaji, LiMAx, wanda ake yi kafin a yanke wani sashe na hanta, ko da yake shi ta jijiya ake ba da sinadarinsa.

To, amma kada mu ɗora wa jaki kayan raƙumi. Numfashi ba ya auna dalma, dole sai jini. Ba ya kuma faɗin abin da ya jawo ciwon, ƙarfin hantar kaɗai yake nunawa. Shan taba da wasu magunguna suna karkatar da sakamakonsa. Bugu da ƙari, na'urar tana da tsada, tana son wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci. Saboda haka bai kamata mutumin Duza ko Gummi ya ƙi gwajin jini yau yana jiran na numfashi ba.

Abin da ke hannunmu yanzu ba kaɗan ba ne. Manyan abokan gaban hanta a ƙasarmu su ne ciwon hanta nau'in B da gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Tun 2004 Nijeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara, kuma an fi son jariri ya sami ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Wajibinmu ne in mun koma gida hutu mu tambayi yayyenmu da matan 'yan'uwanmu ko an yi wa jariransu, mu gaya wa iyayenmu a shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu, mu kuma ja kunnen masu haƙar zinariya kada su shigo da duwatsu inda yara ke rarrafe. Mu kanmu mu je a gwada jininmu, domin ba ya kyautuwa mu yi kira ga abin da muke tsoro.

Ku kuma 'yan'uwa masu karatun likitanci da kimiyyar haɗa sinadarai, ga fage nan. Aikin sauƙaƙa wannan na'ura har ta isa asibitin Anka yana jiran masu yi, kuma babu wanda ya fi mu sanin dalilin yin sa.