Maɓalli Ɗaya Ba Ya Kashe Kibod



A ofisoshin Nassarawa GRA, da hunturu ya kama, sai ka ji ma'aikaci yana ƙorafi cewa harafi ɗaya ya daina fita a kibod ɗinsa, har ya fara shirin sayen sabo. Wannan asara ce, musamman ga kibod mai maɓallai masu zaman kansu, irin ƙirar Cherry MX ta Jamus, inda kowane maɓalli yake da nasa makunnin.

Ka fara da lura. Idan layi guda ne ya mutu gaba ɗaya, matsalar tana jikin allon lantarkin. Idan maɓalli ɗaya ne kawai, galibi ƙura ce ko makunnin.

Cire wayar daga kwamfuta, ka zare hular maɓallin, ka hure ƙurar, ka ɗiga sifirit kaɗan, ka danna sau da yawa, ka bari ya bushe. Idan kibod ɗin mai cire-sa ne, ka zaro makunnin ka duba ƙafafunsa biyu na ƙarfe. Sau da yawa ɗaya ce ta lanƙwashe. Ka miƙe ta da hantsaki. In ya ƙi, ka musanya shi da na wani maɓallin da ke aiki, nan take za ka gane mai laifin.

Idan kuwa dalmar da ke riƙe da makunnin ce ta saki, masu gyara a Titin Beirut da Farm Centre za su liƙe ta cikin mintuna kaɗan.

Mu riƙa rufe kibod bayan aiki, mu gyara kafin mu jefar. Kuɗinmu za su tsira, matasanmu masu sana'a su samu na abinci.