Kure: Gonar da Raƙumin Dawa Ke Kiwo a Cikinta

Yau za mu yada zango a Kure, garin manoma Zabarmawa da ke kan titin Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Gaya ko Ƙonni ya nufi babban birni, ta nan ya ratsa. Wataƙila ma ya ga allon da ke bakin titi mai hoton raƙumin dawa.

To, raƙuman dawan nan su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A da ana samun su tun daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye su, har a 1996 da aka ƙirga, 49 kacal aka samu. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana kashe su, mutanen ƙauyuka suka haƙura da su, zuwa 2017 sun haura 600. A 2018 ma an kwashi takwas a mota zuwa gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, don kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Abin da ya sa Kure ta fita daban shi ne babu shinge. Dabbar nan tana yawo ne cikin gonakin mutane, tsakanin rumbuna da garken shanu. Da damina tana kan tudu, cikin dajin geza da sabara. Da rani sai ta gangaro kwarin Dallol Bosso, inda gawo yake. Kun dai san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, sannan ya yi kore shar lokacin da kowane icce ya bushe. Saboda haka gona ɗaya, masu ci uku. Manomi ya girbe geronsa da wakensa. In an saki gonaki, Bafillace ya shigo da shanu su ci kara da 'ya'yan gawo, su bar taki. Raƙumin dawa kuma ya miƙa wuya ya ci na sama, inda saniya ba ta kaiwa.

Kada a ce zaman babu ƙorafi. Akwai. Raƙumin dawa yana son wake, yana son mangwaro. Manomin da ya shanya harawa a kan icce don ya tsere wa awaki, ya ajiye ta ne daidai bakin wannan dogon baƙo. Kuma ba dama ya taɓa shi, don doka ta tanadi ɗauri da tara. Abin da ya riƙa sanyaya zuciya shi ne kuɗin baƙi. Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyi sukan fito daga Yamai ranar hutu, su biya kuɗin shiga, su ɗauki ɗan jagora daga cikin samarin yankin. Ƙungiyoyin kare dabbar kuma suka gina rijiyoyi, suka ba mata ƙananan basussuka na sana'a da kiwo.

Sai ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020. 'Yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a dajin Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan jagora, su biyun 'yan Nijar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga nan hukuma ta rufe wurin, Faransa ta gargaɗi mutanenta da su guji yankin, ƙafar baƙi ta ɗauke. Ɗan jagora ya koma ga hauyarsa, in yana da inda zai sa ta. Wanda ba shi da ita, sai cirani.

Nan ne nake so mu daɗe, don maganar ta shafi kowa, daga Dosso har Kamba. Kuɗin yawon buɗe ido kamar ruwan kwazari ne, ana murna da shi amma ba a shuka a kansa. Gona ce ta riƙe Kure kafin baƙi, ita ce ta riƙe ta bayansu. Ga shi kuma gonar ce ake zawarci. Yamai tana faɗaɗa, masu kuɗin birni suna neman fili a bakin kwalta, wani don lambu, wani don kawai ya ajiye ya jira tsada. Magidanci ya ga jakunkunan sefa da bai taɓa riƙewa ba, ga biki, ga rashin lafiya, ga rumbu ya yi ƙasa. Ba na ganin laifin mai yunwa. Amma a dubi abin da ke biyo baya. Mai saye, abu na farko da yake yi, ya kafa turaku ya ja waya. Da zarar waya ta zagaye fili, masu ci ukun nan sun koma ɗaya. Saniya ba ta shiga, taki ya yanke, raƙumin dawa ya canza hanya ya faɗa gonar maƙwabci. In wayar ta ci gefen burtali, to an shuka rigimar baɗi.

Haka dajin tudu yake ƙarewa ta ɗaya gefen, don motocin itace suna kwasarsa zuwa murhun Yamai, sabbin gonaki kuma suna hawa.

To mene ne a hannun talaka? Akwai doka, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar karkara, wadda ta amince da mallakar gona ta gado daidai da ta takarda. Ita ta haifar da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har sama. A kwamitin ƙauye mai gari ne shugaba, kuma akwai kujerar manoma, da ta makiyaya, da ta mata. Can ake rubuta shaidar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina. Ku lura da aro da jingina ɗin nan. Shari'un gona da dama daga nan suke tasowa: kaka ya ara wa baƙo gona da baki, shaidu sun mutu, jikoki suna rantse-rantse a gaban alƙali. Wanda matsi ya kama, jingina ko haya a rubuce ta fi masa sayarwa, don gonar tana dawowa.

Ku kuma 'yan'uwa makiyaya, dokar kiwo ta 2010 ta ce yawo da dabba haƙƙinku ne, kuma burtali da makiyaya da mashaya dukiyar jama'a ce, ba mai ikon sayar da su. Sai dai haƙƙin da ba a shata shi a ƙasa ba, da wuya a kare shi. In kun ga sabbin turaku a hanyar da kuka saba bi, kada ku tsinke waya, kada ku jira damina. Ku sanar da ruga ko garso, a je wurin mai gari da Kofo tun ƙasa tana bushe. Kuma a ji tsoron Allah wajen datsar gawo. A sassabe reshe, a bar kan iccen. Gawo yana cikin itatuwan da dokar daji ta kare, ma'aikatan gandun daji suna cin tara a kansa.

Direbobi, ku ne na ƙarshe. Raƙumin dawa yana tsallaka kwalta a tsakanin Kure da Birnin Gaure, kuma mota ta sha kashe su a wannan hanya. Dabba ce da namijinta kan kai nauyin tan guda. Da asuba da almuru, in kun iso wurin allon nan, a sassauta ƙafa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A sauka lafiya.