Ina Birnin Zamfara, Ina Alƙalawa? Jawabi Ga Matasan Gummi

'Yan'uwa matasa, ga gajeren karatu kashi uku daga tarihin ƙasarku.

Na farko, sarauta. Masu riƙe da tarihin baka sun ce daga Dutsi mulkin Zamfara ya faro, kuma har mace ta taɓa riƙe shi, wato 'Yargoje. Daga baya aka kafa Birnin Zamfara mai ganuwa. Gobirawa suka zo a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama. A tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, baƙin nan suka ci birnin, Alƙalawa ta zama cibiyar mulki. Ita ma Alƙalawa ta faɗi a 1808. Yau duka biyun kufai ne, Sarkin Zamfara kuwa yana Anka.

Na biyu, kiɗan fada. Da tambari da kotso da taushi aka riƙa adana sunayen sarakuna da jerin iyayensu. Salihu Jankiɗi na Rawayya, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, duk 'yan wannan ƙasa ne. Amma a lura, makaɗi yabo yake yi, yana ɗaga ubangidansa, ya yi wa abokin hamayya zambo. A karɓi sunaye da salsala daga bakinsa, a auna sauran.

Na uku, rubutu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. Ƙanensa Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da labarin abin da ya sa aka yi su a cikin Tazyinul Waraƙat. Shi ya sa har yau ana sanin inda suka sauka da abin da suka tarar.

To 'yan'uwa, ga abin kunya. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara tarihin Zamfara, ya buga shi da Jamusanci a 1959. Matasa nawa ne a Gummi, Anka da Bukkuyum za su iya jero sarakunan garinsu guda biyar? Tsofaffin da suka haddace suna ta ƙarewa, ƙauyuka da dama sun watse saboda 'yan bindiga. Kowa ya ɗauki biro ko waya, ya durƙusa gaban kakansa tun yana da rai, ya rubuta har da sunan wanda ya faɗa masa.