Allon kallo a mota: kafin ka saya wa yara, tsaya mu yi magana



Yau maganar iyaye za mu yi, musamman ku yayyenmu masu ƙananan yara da ke yawan hawa titi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar yara daga Gaya ko Ajingi ya nufi Azare, Potiskum ko Maiduguri, ya san yadda abin yake. Kafin a kai Shuwarin wannan ya fara kuka, wancan yana tambayar yaushe za a isa. Shi ya sa yanzu mutane ke neman allon kallo na mota, ko tablet, ko su miƙa wa yaro waya a samu lafiya. Ni ba na cewa kar a saya. Abin da nake cewa shi ne, yawancinmu girman allo da kuɗinsa kawai muke tambaya, alhali ba su ne manyan tambayoyin ba.

Ta farko: a ina zai zauna? Akwai wanda ake ɗaurawa a bayan matashin kujerar gaba, akwai na rufin mota irin wanda ke zuwa da wasu Sienna, akwai kuma wanda yaro ke riƙewa a hannu. Na ɗaurawa ya fi. Ranar da direba ya taka burki da ƙarfi saboda akuya ko ɗan acaɓa, duk abin da ba a ɗaure ba jifa yake zama, kuma fuskar wani zai samu. Sannan yaron da ya sunkuyar da kai yana kallon cinyarsa ya fi saurin jin jiri da amai, domin idonsa na gaya wa ƙwaƙwalwa a tsaye ake, cikin kunnensa kuma na cewa tafiya ake. Yara 'yan shekara 2 zuwa 12 abin ya fi kamawa. In yaro ya fara hamma da gumi, a kashe, ya kalli waje can nesa, a sauke gilashi. Kuma don Allah, kada allon ya kasance inda direba zai iya leƙawa. Yara a kujerar baya, da bel a jikinsu.

Ta biyu: zai yi aiki ba intanet? Kun san sabis a hanya, yana zuwa yana ɗaukewa. Ku nemi wanda ke karɓar memori ko filash, wanda kuma ake iya cajinsa daga soket ɗin mota mai bolt 12. In a Farm Centre za ku saya, ku sa a kunna muku a gabanku, ku gwada da memorinku. Kada kuma a bar shi cikin mota a rufe a ranar Afrilu, zafi na kashe batir, har ya kumbura.

Ta uku, ita ce ta fi damuna: me ke ciki? Da yawanmu memori muke kai wa mai turi a tasha mu ce, "Cika min da katun." Ya cika, mu saka, ba mu duba ko ɗaya ba. Malam, ba duk zane mai motsi ne na yara ba. Wani na manya ne, da zagi da zubar da jini. Kai kana gaba kana tuƙi, uwar tana fama da na goye, yaro na baya da abin kunne, awa biyar wani da ba ka sani ba yana yi masa tarbiyya. Ka zauna daren jajibirin tafiya ka duba da kanka. Akwai masu kyau, irin su Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, wanda aka mayar da shi Hausa, da karatun Alƙur'ani na yara. Abin kunnen ma a rage ƙararsa: in kana jiyo sautin daga kujerarka, ya yi yawa.

Sai batun lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. To Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne. Ka ga allo ba zai ɗauke maka tafiyar duka ba. Ka raba ta: a yi kallo kaɗan, a tsaya sallah yara su miƙe ƙafa, a ci abinci, a yi barci.

Ragowar lokacin kuma, ga taga. In Kano kuka nufa, a gadar Wudil ka nuna masa kogi, in Juma'a ce ga shanu ana kaiwa kasuwa. Ka ba shi labarin da muka gada, cewa maƙera ne daga Gaya suka je dutsen Dala neman tama, har ake kiran zuriyarsu Abagayawa. Ku ƙirga tireloli, ku yi kacici-kacici, ku yi tatsuniya. Yaron da ya bi hanyar nan sau 20 bai san sunan gari ko ɗaya a kanta ba, an yi masa asara, kuma ba laifinsa ba ne.

Ku faɗa mana yadda kuke yi da naku yaran a hanya, mu ƙaru da juna. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba.