Bakin malami a jami'ar kuɗi

Duk wanda ya bi ta Hanwa da safe zai ga malaman jami'a suna tare mota a Kwangila, sun nufi Samaru. Dattawan cikinsu ba su manta da 1988 ba, shekarar da gwamnatin Babangida ta kama Dakta Patrick Wilmot na Jami'ar Ahmadu Bello ta tasa ƙeyarsa zuwa Landan saboda bakinsa. A 1989 aka sallami Dakta Yusufu Bala Usman, amma ya je kotu ya yi nasara, domin doka ce ta kafa jami'ar, ita ce kuma ta tsara yadda ake korar malami.

To, malamin jami'a mai zaman kanta fa? Tun 1999 ake ba irin waɗannan jami'o'i lasisi, ga Al-Qalam a Katsina tun 2005. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, amma takardar kwantiragi ce ke riƙe da abincin malamin. Mai jami'a ba sai ya ce don rubutunka na Facebook ba ne. Sai kawai ya ƙi sabunta maka kwantiragi. Ga shi mafi yawan jami'o'in nan ba ƙungiyar malamai ta ASUU a ciki.

Ina ganin ya kamata hukumar jami'o'i ta NUC ta sa sharaɗi a lasisi: kada a sallami malami sai an rubuta dalili, kwamitin malamai ya saurare shi.